Kad rida mai sauri: wacce ta dace da kyamararka da kwamfutarka

Katin memori mai 128GB da ya cika taf, idan aka zura shi a kad rida (na'urar karanta kati) ta USB 2.0, irin waɗanda ake bazawa a tire a mashigar Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, sai ya ci awa guda kafin ya gama juyewa cikin kwamfuta, domin irin wannan rida da ƙyar take wuce 35MB a sakan. Katin nan dai, in UHS-II ne, wato nau'in katin SD mai sauri, kuma aka haɗa shi da ridar da ta dace, minti takwas ya ishe shi. Wanda ya ɗauki ɗaurin aure da safe a Agege, ya bi kamu da la'asar, ya rufe da dina a Ikeja, da kati huɗu ko biyar yake komawa gida, washegari kuma ana jiransa a wani suna ko walima, yana bukatar katunan nan babu komai a cikinsu. Awa biyar ke nan a ridar USB 2.0, minti arba'in a ta UHS-II.

Sai dai ba rida kaɗai ke yanke saurin ba. Kowane fayil ta wuri biyar yake bi: kati, rida, kebul, ramin USB na kwamfuta, da faifan da za a ajiye shi. Wanda ya fi rashin sauri a cikin biyar ɗin shi ke jan ragamar sauran, kamar gosulon gadar Third Mainland ne, komai faɗin gadar, in hanya ta tsuke a Oworonshoki to saurin wurin ne saurin kowa. Saboda haka kafin a tambayi wace rida ta fi, a fara duba katin da kyamara take ci, sannan a duba ramukan da ke jikin kwamfuta. Mafi yawan kuɗin da ake zubarwa a banza a wannan harka, tsallake wannan dubawar ne sila.

Masu katin SD

Ciro katinka ka juya bayansa. In layi ɗaya na haƙoran zinariya ka gani, UHS-I ne, iyakarsa a ƙa'ida 104MB a sakan, a aikace kuwa tsakanin 90 da 95. In layi biyu ne, UHS-II ke nan, iyakarsa 312, a aikace daga 250 zuwa kusan 300 gwargwadon katin. Dole ita ma ridar ta kasance da layin haƙora na biyu a cikin raminta. In babu, katin UHS-II mai tsada zai koma gudun UHS-I ba tare da kwamfuta ta ce maka komai ba. A kwalayen UGREEN da Anker da makamantansu sau da yawa ba UHS ake rubutawa ba: SD 3.0 yana nufin UHS-I, SD 4.0 yana nufin UHS-II. Haska tocilar waya cikin ramin, layi na biyun ana ganinsa.

Alamar V30, V60 da V90 ta shafi kyamara ne, ba rida ba. Ita ce ke nuna mafi ƙarancin saurin rubutawa da katin ya yi alkawari, wato 30 ko 60 ko 90MB a sakan. Wurin juye aiki saurin karantawa ake bukata, kuma a nan tazarar V60 da V90 ba ta taka kara ta karya ba, V60 yana ba da 250 zuwa 280, V90 yana kusantar 300. Wanda kyamararsa ba ta tilasta masa V90 ba, kada ya saye shi don wai ya rage zaman juyewa.

Akwai wani abin da ke rikita mutane da katin SanDisk Extreme Pro na UHS-I da aka rubuta wa 170 ko 200MB/s a goshi. Wannan adadin ya zarce iyakar UHS-I, kuma ana samunsa ne kawai da ridar da ta san dabarar da kamfanin ya ƙara, irin nasu na SanDisk da wasu 'yan kaɗan. A sauran ridoji, har da wasu manya na UHS-II, 95 zai ba ka. Ba jabu ba ne, haka aka yi shi. Ga wanda duk katunansa irin wannan ne, misali mai Nikon D750 ko mai Canon ɗin da ramin SD ɗinta UHS-I ne, ƙaramar ridar SanDisk da ta dace da katin na iya ninka masa sauri da kuɗi kaɗan, abin da babbar rida mai tsada ba lallai ta yi masa ba.

A cikin masu rami ɗaya na UHS-II, Sony MRW-S1 da Kingston MobileLite Plus duk kai tsaye ake soka su a ramin USB-A, babu kebul. Wannan ya raba ka da matsalar kebul gaba ɗaya, amma suna da faɗi, sukan tare ramin da ke kusa, kuma in aka ture laftof a kan tebur mai cunkoso nauyin yana komawa kan ramin ne. Ta SanDisk Extreme Pro mai USB-C da ta Apple suna da ɗan guntun kebul a jikinsu, sun fi dacewa da MacBook da iPad. Dukkansu haɗin USB mai saurin 5Gbps ya ishe su, tunda kati ɗaya ba ya kai 312MB a sakan.

Lissafin yana canzawa in ka koma mai rami biyu, kuma ita muke ganin ta fi dacewa da mafi yawan masu ɗaukar biki, musamman masu aiki da kyamara biyu irin Canon R6 ko Sony A7 III. Kati biyu na UHS-II a lokaci guda suna neman kusan 560MB a sakan, haɗin 5Gbps kuwa a aikace 400 zuwa 450 yake bayarwa. To in za ka sayi mai rami biyu, ta zama mai 10Gbps, irin ta ProGrade Digital ko ta Angelbird. A kuma tabbatar tana karanta katunan biyu tare. Wasu masu araha ramuka ne birjik a jiki, amma ɗaya bayan ɗaya suke gani, in ka sa na biyu sai na farko ya ɓace ko saurin ya rabu gida biyu har ya fi juye su a jere muni.

Ramin SD da ke jikin laftof fa? Na MacBook Pro mai inci 14 da 16, daga na 2021 zuwa sama, UHS-II ne na gaske, mai irin wannan kwamfutar ba ya bukatar wata rida don kati ɗaya. Na yawancin tokunbo, wato gwanjon laftof, na HP da Dell da Lenovo da suka cika kasuwa UHS-I ne, wasu ma a ciki ta layin USB 2.0 aka haɗa su. Gwaji ne kawai ke raba gardama.

Katin microSD na duron ɗin DJI da GoPro galibi UHS-I ne mai V30, ba ya bukatar wani abu na musamman. Abin lura ɗaya ne: adaftar roba da ke zuwa da shi ita ce ta fi saurin lalacewa, in fayil yana yankewa a fara zarginta. Ridar da ke da ramin microSD nata na kanta ta fi.

CFexpress, inda ake tafka kuskure mai tsada

CFexpress, katin da ya fi SD sauri, iri biyu ne a kyamarori, kuma ba sa shiga ramin juna. Nau'in A ƙarami ne, na Sony ne: A7S III, FX3, FX30, A1, da rami ɗaya na A7 IV. Nau'in B ya fi girma, shi ne a Canon R5 da R3, Nikon Z8 da Z9 da Z6 III, Fujifilm X-H2 da Panasonic GH6. A ciki duka biyun SSD ne, wato faifan ajiya mai sauri da ba ya juyawa, irin na NVMe. Na A layin PCIe, wato hanyar da bayanai ke bi, ɗaya gare shi, na B layi biyu, shi ya sa a tsarin 2019 iyakar A ta kasance 1000MB a sakan, ta B 2000. Tsarin CFexpress 4.0 da ya fito a 2023 ya ninka duka biyun, 2000 da 4000.

Ga mai Sony lamarin da sauƙi. Katunan A na Sony na asali 800MB a sakan suke karantawa, rida mai 10Gbps tana ɗaukar wannan har da rara. Sony MRW-G2 tana cin nau'in A da SD UHS-II, ta wadatar da mai FX3 ko A7 IV da ke haɗa katunan biyu, sai dai kati ɗaya take ɗauka a lokaci guda. Ba a maganar USB4, wato haɗi mai 40Gbps, a nan sai in katin na 4.0 ne.

Nau'in B ne ke da zaɓi uku, kuma a nan ya kamata a zauna a yi lissafi. Ɗauki katin 512GB mai karanta 1700MB a sakan. A rida mai 10Gbps za ka samu wajen 900, minti tara da rabi ke nan. A mai 20Gbps ko Thunderbolt, wani haɗi mai sauri da ke amfani da bakin USB-C, za ka samu wajen 1600, minti biyar da 'yan sakanni. In katin na 4.0 ne, ridar USB4 ce, kwamfutar ma tana da ramin 40Gbps, ana kai wa kusan 3000, ƙasa da minti uku. A takarda na ukun ya yi nisa. Amma tazarar na farko da na uku minti bakwai ne a kan kowane kati, kuma kafin ka ci wannan minti bakwai sai ka mallaki kati na 4.0, kebul mai 40Gbps, kwamfuta mai Thunderbolt ko USB4, da faifan da zai iya karɓar 3000MB a sakan ba tare da ya gaji ba. In ɗaya ya faɗi, ka koma 900 da tsadar 3000.

Wa ya cancanci hawa can sama? A duba yawan abin da kyamara ke zubarwa. Sony A7 III a 4K mai 100Mbps tana cika 45GB a awa guda. FX3 a XAVC S-I 4K mai firam 60 tana gudu a 600Mbps, 270GB ke nan a awa. Canon R5 a 8K RAW, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara, tana kai 2600Mbps, ta cinye katin 512GB cikin minti ashirin da shida. Mai aikin talla ko fim da ke ɗaukar irin wannan RAW, ana jiran katin ya dawo kyamara kafin a ci gaba da ɗauka, kowane minti a wurinsa kuɗin hayar fitilu da ma'aikata ne, USB4 ta biya kanta. Mai hoton biki da R5 ko Z8, wanda hoto dubu biyu na RAW ba su kai masa 120GB ba, minti biyu da 'yan kai ne a 10Gbps. A ganinmu rida mai rami biyu, CFexpress B da SD, mai 10Gbps, irin wadda ProGrade da Lexar suke yi, ita ce daidai da shi, tunda R5 da Z8 duk ramukan nan biyu ne a jikinsu.

Zaɓi na tsakiya, wato USB 3.2 Gen 2x2 mai 20Gbps, tarko ne ga masu Mac. Lexar na da irin wannan ridar, tana kuma aiki yadda aka ce a kwamfutar tebur da ke da ramin 20Gbps. Amma Mac ba ta gane wannan tsarin, sai ta saukar da shi zuwa 10Gbps, haka ma laftof da yawa masu Thunderbolt 3 da 4. Tarko na biyu kishiyar wannan ne: tsofaffin ridoji masu Thunderbolt 3 zalla ba sa aiki sam a ramin USB-C na gama-gari, ko motsi ba za su yi ba. Na USB4 sun fi sassauci, in ba su samu 40 ba sai su sauka zuwa abin da ramin zai iya. Mai kai aiki situdiyon wasu, ko mai bai wa edita kati ya tafi da shi Surulere, ya guji Thunderbolt zalla.

Masu tsofaffin Nikon su kula da XQD, katin da ya riga CFexpress fitowa. Siffarsa ɗaya da CFexpress B, yana shiga ramin lafiya lau, amma yawancin ridojin CFexpress ba sa karanta shi. Sony MRW-G1 tana cin duka biyun, ita ce mafita ga mai D850 ko Z6 da ke da katunan nan gauraye.

Tsohon katin CompactFlash, wato CF, bai mutu a Legas ba, Canon 5D Mark III da Mark IV da Nikon D810 suna nan suna cin kasuwa. Iyakarsa 167MB a sakan, kowace rida mai 5Gbps da aka rubuta wa UDMA 7 ta isa, kuma Transcend RDF9 ta haɗa CF da SD UHS-II da microSD a jiki ɗaya. Ciwon CF shi ne allurai hamsin da ke cikin ramin ridar. In ramin gajere ne, katin yana shiga a karkace, allura ta lanƙwashe, wani lokaci ta taɓa 'yar'uwarta ta ƙona katin. Zaɓi mai rami mai zurfi, kuma duk sanda kati ya ƙi shiga kada a danna. CFast 2.0 na Blackmagic Pocket 4K da 6K da Canon C200 girmansa kusan ɗaya da CF, amma bakinsa daban ne, ridarsa daban, yana karanta sama da 500MB a sakan, don haka mai 10Gbps ce ke fitar da shi duka. SD Express kuwa, duk da ana ganinsa a talla, kyamarorin aiki ba su rungume shi ba, kuma a ridar UHS-II gudun UHS-I yake yi.

Rami da kebul

Sunayen USB an dagula su. USB 3.0 da 3.1 Gen 1 da 3.2 Gen 1 duk abu ɗaya ne, 5Gbps. USB 3.1 Gen 2 da 3.2 Gen 2 su ne 10Gbps. Mai shago da ya ce maka “Oga, wannan 3.2 ce” bai faɗa maka komai ba tukuna, nemi adadin Gbps a jikin kwali. A kuma tuna Gbps ba GB ba ne, sai an raba da takwas sannan a cire abin da tsarin ke ci, shi ya sa 10Gbps ke ƙarewa a wajen 900 zuwa 1000MB a sakan.

USB-C siffar baki ce kawai, ba alkawarin sauri ba. Kebul ɗin cajin waya, har da farin da ke zuwa da iPhone 15 da na cajin MacBook, a ciki USB 2.0 ne. Ka haɗa ridar CFexpress da shi, za ta yi aiki, amma a 35 zuwa 40MB a sakan. Wannan shi ne dalili na farko da ke sa a mayar da rida lafiyayya shago ana cewa jabu ce. Kebul ɗin da ya zo a kwalin ridar a ɗaura masa zare ko salatif mai launi, kada ya gauraya da na caji a jaka. In ya ɓata, a sayi wanda aka buga wa 10Gbps ko 40Gbps a jiki, kuma gajere, domin na 40Gbps maras na'ura a kai ba ya wuce mita ɗaya.

A ramin USB-A, shuɗin launi alama ce ta USB 3, amma masu jabu sun iya fenti. Leƙa cikin bakin filogin: na gaske yana da ƙarin haƙora biyar can ciki bayan huɗun gaba. Wani abin mamaki, in aka tura filogin USB 3 a hankali, kwamfuta kan riga ta gane huɗun gaba ta ɗauke shi a matsayin USB 2.0. In sauri ya faɗi ba dalili, cire ka mayar da shi tashi ɗaya. A kwamfutar tebur ramukan baya sun fi na gaba aminci. Mahaɗar USB mai rassa kuwa, duk abin da ke jikinta rabon layi ɗaya suke yi, in rida da SSD suna kanta tare saurin ya ragu sosai. A ba kowanne raminsa.

Masu tura wa kwastoma hotuna ta WhatsApp tun ana wurin biki su san cewa waya ma tana da nata iyakar. iPhone 15 Pro tana kai 10Gbps, iPhone 15 ta gama-gari da yawancin Tecno da Infinix a USB 2.0 suke. Don zaɓar hoto ashirin ba komai. Ridar CFexpress kuma tana jan wuta, ba kowace waya ke iya tayar da ita ba.

Sai faifan ajiya, wanda shi ne ya fi yawan zama sanadin jinkiri a situdiyoyinmu. Had dis na waje mai juyawa, irin na 1TB da 2TB da kowa ke da shi, 100 zuwa 130MB a sakan yake rubutawa yana sabo, in ya kusa cika ya ragu. Wanda ke juye kati kai tsaye cikinsa, ko ridar UHS-II bai ci rabin amfaninta ba, balle CFexpress. SSD irin Samsung T7 yana kai 1050 a takarda, amma a juyi mai tsawo yakan sauka idan ma'ajiyarsa ta gaggawa ta cika. Tsarin da ya fi: a juye cikin SSD na ciki ko na waje, sannan a bar kwafi na biyu yana tafiya had dis cikin dare. In kuɗin abu ɗaya ne a hannu, kuma har yanzu had dis ake juyewa, SSD za a fara saya kafin babbar rida. Dubban ƙananan JPEG kuma ba sa gudu kamar fayil ɗin bidiyo guda ɗaya, kuma shigar da hotuna ta Lightroom kai tsaye yana ƙara jinkiri tunda yana gina samfoti a lokaci guda. A kwafe tukuna, a shigar daga baya.

Zafi, wuta da danshi

Katin CFexpress yana yin zafi har ya gagari riƙewa, in ya kai wani mataki kuma da kansa yake rage gudu don kada ya lalace. Alamar ita ce juyi ya fara a 900, bayan minti biyu ko uku ya zube ƙasa da rabi. A ɗakin da babu AC a watan Maris, ridar roba ba ta da inda za ta kai zafin. Mai jikin alminiyam ta fi, zafin da kake ji a jikinta shaida ce tana fitar da shi. Kada a ɗora ta kan katifa ko a gefen da laftof ke huro iska.

Maganar wuta ta sa muna fifita ridar da ke shan wuta daga kwamfuta a kan manyan tashoshi masu filogi, irin Kingston Workflow Station da SanDisk PRO-DOCK 4. Tashoshin suna da amfani ga kamfanin da ke karɓar kati huɗu a tare, amma in NEPA ta ɗauke wuta, ko ana sauyawa zuwa janareta, suna mutuwa a tsakiyar juyi, alhali laftof da ƙaramar ridarta ba su ma san an yi ba. Wanda zai sayi tasha ya haɗa da UPS ko ya sa ta kan inbata, ya lissafa wannan cikin kuɗin.

Danshin Legas, musamman ga masu ɗauka a bakin ruwa a Lekki da Ajah, yana sa haƙoran kati da na rida su dushe. Layi na biyu na UHS-II shi ke fara daina haɗuwa, sai ka ga kati mai 280 ya koma 90. A goge haƙoran katin da auduga da ɗan sifirit mai tsabta, a bari ya bushe, a hura ramin da abin hura lens, ba da baki ba. A ajiye rida cikin akwatin da ake sa lens tare da ƙullin silika.

A wurin saye

Farashin kayan nan da dala yake tafiya, tun bayan sakin naira a watan Yunin 2023 abin da aka faɗa maka a wannan makon ba lallai ya kai mako mai zuwa ba, don haka a kwatanta shago biyu ko uku a rana ɗaya, a Computer Village ko Alaba International ko wajen masu kayan kyamara na Lagos Island. A Jumia da Konga a duba ko wane ne mai sayarwar da sharaɗin mayarwa. A Jiji kada a biya kafin a gwada.

Je da laftof ɗinka da katinka mafi sauri, wanda ka riga ka kwashe aikin da ke ciki, domin manhajar gwaji tana rubutu a kan kati. A Windows CrystalDiskMark, a Mac Blackmagic Disk Speed Test, duka kyauta ne. Adadin karantawa za ka duba: wajen 90 ga UHS-I, 250 zuwa sama ga UHS-II, 850 zuwa sama ga CFexpress B a 10Gbps. In ka ga 35 zuwa 40, akwai USB 2.0 a wani wuri, canza kebul da rami kafin ka yanke wa ridar hukunci. Wannan gwajin gajere ne, ba ya nuna matsalar zafi, saboda haka a bi shi da kwafar fayil na 30 ko 40GB ana kallon ko saurin zai zube. A ɗan girgiza kebul a bakin ridar ana cikin kwafa, in ta yanke to bakinta sako-sako ne, a ajiye ta. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar samfurin. In kati ma za a saya a ranar, a gwada shi da H2testw a gida, shi ke tona katin da aka rubuta wa 128GB alhali 32 ne a ciki, kuma sau da yawa laifin da ake ɗora wa rida na irin wannan katin ne.

Ko wacce aka saya, a riƙe wata ƙarama ta biyu a jakar kyamara. A sauke makullin gefen katin SD kafin a sa shi a kwamfutar wani, ko ta wurin wanke hoto, saboda bairos ɗin nan mai mayar da folda gajerun hanyoyi. A riƙa kwafa, ba yankewa ba, kuma ga bidiyo mai muhimmanci a yi amfani da abin da ke tantance kwafi, kamar TeraCopy ko Clone Tool na cikin DaVinci Resolve. A fitar da kati ta umarnin kwamfuta kafin a zare, musamman CFexpress da Windows kan gani a matsayin faifai na dindindin. Fomat a cikin kyamara ake yi, bayan an buɗe kwafi biyu an ga suna aiki.

In ka sa kati kwamfuta ta ce sai an yi masa fomat, kada ka amsa. Cire shi, gwada shi a rida ta biyu da wani kebul, sannan a cikin kyamarar da ta ɗauka, domin sau tari ridar ce ta kasa karanta shi. In duk sun ƙi, kada a sake ɗaukar ko hoto ɗaya a kansa, a sauke makulli, a nemo fayilolin da PhotoRec, a kuma ajiye abin da aka ceto a wani faifan daban, ba kan katin ba.